Littafin Aikin Fokilif Uku na Siton Kaase

Litinin, 13 ga Janairu, 2025

Yau na fara aiki a wani siton shinkafa da sukari da fulawa da ke Kaase, a nan Kumasi. Tun makon jiya Alhaji mai siton ya aiko mini har gida Aboabo, cewa motocinsa na ɗaga kaya, fokilif guda uku, duk sun kwanta, ga tireloli suna tasowa daga Tema, garin tashar jiragen ruwa, ba sa jiran kowa. Tun Disamba 'yan dako ke sauke buhu mai kilo 50 da ka da kafaɗa. Na tafi da ɗan yayata, wanda ke koyon aiki a hannuna shekara ta biyu ke nan.

Ko gama gaisawa ba mu yi ba Alhaji ya ce, "Masta, an ce mini ƙwaƙwalwarsu ce ta ƙone. Ka rubuta mini lamba in aika a kawo sababbi." Na ce, "Alhaji, Allah ya ƙara girma, ka ba ni mako biyu kafin ka fitar da ko sisi." Abin da yake kira ƙwaƙwalwa shi ne kwantirola, akwatin da ke tsakanin batir da moto. A shekarun da na yi ina wannan aiki na ga kwantirola da yawa an cire an jefar alhali lafiyarta lau. Ita dai ta ga haɗari ne ta ƙi tashi, ta kama ƙyafta fitila tana faɗin abin da ta gani, ba a samu mai karantawa ba. Wannan abu yana damuna, domin kuɗin da ake zubarwa a haka ya isa a gyara ainihin ciwon har sau biyu.

Mun ba su suna don sauƙin rubutu. Ta Ɗaya da Ta Biyu iri ɗaya ne: batir mai volt 48, moto mai waya uku, U da V da W, da kwantirola Curtis 1236. Aikinta ta ɗauki wutar batir, wadda hanya ɗaya take bi, ta daddatsa ta sau dubbai a cikin daƙiƙa, ta mayar da ita wuta mai layi uku irin wadda moton ke so. Ta ukun ita ce Tsohuwa, motonta mai burushi ne, na tsohon yayi.

Ban kunna komai ba yau. Mun ɗaga ƙafafun gaba da jak, mun sa katako mai kauri a ƙarƙashi, mun cire fulogin batir. Na sa yaron ya cire agogo da zobe, sannan na nuna masa da mita cewa ko bayan an cire batir, akwai sauran wuta a kafasitocin kwantirola, masu ajiye wuta, tsakanin B+ da B-, wato inda wayoyin batir biyu ke shiga. Muka zuƙe ta da ƙwan fitilar babbar mota guda biyu masu volt 24 da muka jera a layi ɗaya. Ya ga ƙwan ya yi ja ya dushe a hankali. Gani ya kori ji.

Talata, 14 ga Janairu

Yini guda a kan batir. Kowane batir gida 24 ne, kowane gida volt 2. Na Ta Biyu, a zaune ba ya aiki, mita ta nuna 48.9. Alhaji ya leƙo ya ce to ai ga shi nan da ƙarfinsa. Ba haka ba ne. Batir mai gida 24 idan ya cika sosai kusan 51 yake nunawa, kuma awon zaune ba ya faɗin gaskiya duka. Na sa yaron ya ja hannun ɗaga kaya har cokulan, wato ƙarafa biyun gaba da ke ɗaukar kaya, suka kai ƙarshe, famfon haidirolik ya yi nishi, sai mita ta zube zuwa 37. Muka bi gida-gida ana cikin jan. Yawancinsu suna riƙe da 1.7 ko kusa da haka. Gida na 7 da na 19 kuwa sun faɗi ƙasa da volt 1.

Na buɗe murafan. Faranti a fili, sun bushe daga sama, sun yi fari kamar an barbaɗa musu gishiri. Na tambayi maigadi wane ne ke zuba ruwa. Ya ce shi ne, idan ya tuna, kuma piya wata yake fasawa ya zuba, wani lokaci na famfo. Ban ga laifinsa ba, ba wanda ya taɓa gaya masa. Ruwan sha yana da ma'adinai a ciki, su ne ke taruwa su kashe faranti a hankali. Tataccen ruwan batir kaɗai ake zubawa, kuma bayan caji ya ƙare, ba kafinsa ba, domin ruwan yana tasowa lokacin caji ya yi ambaliya, asid ya zube, gidan ya salance. Sai dai idan faranti ya bayyana, to a zuba abin da zai rufe shi kawai kafin a jona caja. Ba a ƙara asid don ruwa ya ragu, ruwan ne ke tafiya, asid yana nan.

Ma'aunin kaurin ruwa ya ƙarasa labarin. Gidan da ya cika yana kaiwa wajen 1.280, wanda aka cinye kashi 80 cikin 100 na ƙarfinsa yana sauka wajen 1.140, kuma nan ne iyaka, ba a wuce ta. Gida na 7 ya ba ni 1.110, na 19 ya ba ni 1.095. Na rubuta dukan gidaje 48 na motocin biyu a kwali na manna a bango.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne kurfotin maigadi. Saboda sanyin hunturu, yana hura gawayi da dare a lungun da caja take, taku uku daga batir. Batir yana fitar da iskar haidirojin idan caji ya kusa ƙarewa, ba ta da wari ba ta da launi, kuma idan ta kai kashi 4 cikin 100 a iskar ɗaki tartsatsi ɗaya ya isa. Na ce masa, "Baba, don Allah wutar nan ta koma bakin ƙofa, ranka nake ji." Ya ɗauke ta nan take. Alhaji ya yarda a cire kwano biyu daga saman bangon lungun don iska ta riƙa fita ta sama.

Alhamis, 16 ga Janairu

Ba ni da na'urar hannu da ake jonawa a karanta kwantirola, 1313. Wani abokin aikina a Tema ke da ita. Amma 1236 tana da fitila biyu, ja da rawaya, kuma da su take magana. Ja ta ƙyafta sau ɗaya, alamar lamba ta farko na zuwa, sai rawaya ta ƙirga ta. Ja ta ƙyafta sau biyu, sai rawaya ta ƙirga ta biyu. Na zaunar da yaron a gaban Ta Ɗaya, na murɗa makulli. Muka ji ƙas, sai kuma ƙas, ta saki.

"Kawu, rawaya uku. Sannan tara."

Wato 39: an umarci babbar kwantakta ta rufe, amma wutar batir ba ta iso ba. Kwantakta ita ce ƙofar da ke tsakanin batir da kwantirola. Tunda mun ji ƙararta, to nadin wayarta yana ja. Babban fiyus lafiya. Na kwance ta na kawo ta haske. Bakunan azurfa biyu da ke haɗuwa sun cinye, ɗaya ya yi rami kamar haƙorin da tsutsa ta ci, ɗayan ya yi tsini, tagullar ƙasa ta leƙo, sifirin ɗin ya yi shuɗi don zafi.

Ruwa ba ya tsami banza. Batir mai rauni, da an taka totur sai ƙarfinsa ya zube, kwantakta ta yi sako-sako, bakunan su riƙa karkarwa suna tartsatsi da amfiya ɗaruruwa a tsakaninsu. Wata da watanni a haka, ga sakamakon. Idan na sa sabuwa ban gyara batir ba, haka za ta sake cinyewa.

Yaron ya ɗauko samfefa zai goge. Na hana shi. Azurfar da ke bakin siririya ce, idan ta yi baƙi kawai ba komai, wuta tana bi. Idan ka kankare ta ka kai tagulla, za ta yi aiki kwana biyu, sannan wata rana ta manne ta ƙi buɗewa, kwantirola ta ba ka 38. Wanda ya cinye sai canji.

Asabar, 18 ga Janairu

Suame Magazine, unguwar makanikai da kayan gyaran mota ta Kumasi, tun safe, bayan koko da ƙosai a bakin tasha. Duk abin da ƙarfe ne akwai mai shi a Magazine, amma kayan fokilif mai batir ba su yawaita ba, wurin na injin dizal da fetur ne. Na zaga da tsohuwar kwantaktar a hannu, rabi Hausa rabi Tonanci, yaren Asante. Mutum uku suka miƙo mini solanoyid na kik ɗin babbar mota, suka ce ai duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Na kik an yi shi ya riƙe daƙiƙoƙi kaɗan ya saki. Wannan kuwa yini take a rufe, kuma dole ta iya yanke wuta mai ƙarfi ba tare da ta manne ba. Araha ba ta ado.

Na kira abokina na Tema. Yana da bakuna da sifirin na Albright SW180, irin tamu ke nan. Zai ba motar da ke zuwa tashar Asafo a nan Kumasi ranar Litinin. Na sayo tataccen ruwa jarka huɗu, da bekin soda, da safar hannu ta roba, da tabarau biyu.

Alhamis, 23 ga Janairu

Kwana uku muna wankin batir da caji. Saman batiran ya yi danƙo, ƙurar hunturu da garin fulawa sun haɗu da asid ɗin da ya zube sun zama wani baƙin kunu. Wannan kunun yana ɗaukar wuta. Jikin fokilif ba kamar jikin mota ba ne, ba a jona shi da kowane ɓangare na batir, a ware yake. Amma da na auna daga B+ zuwa jikin Ta Biyu sai na ga 31. Mita mai lamba tana iya nuna wutar da ba ta da ƙarfi, don haka na gwada da ƙaramin ƙwai, sai ga shi ya yi ja-ja. Yoyo ne na gaske. Muka rufe murafai da kyau, muka wanke da ruwan bekin soda har kumfa ta daina, muka ɗauraye, muka busar. Ƙwan bai sake kamawa ba.

Mun yi dogon caji na daidaita gidaje, a hankali, ina taɓa ma'aunin zafi kada ruwan ya wuce digiri 45. Daren Talata wuta ta ɗauke wajen awa huɗu, sai da muka sake. Batirin Ta Ɗaya ya farfaɗo fiye da zatona, duk gidajen sun haura 1.250. Na Ta Biyu, gida 22 sun taso, na 7 da na 19 ko motsi.

Litinin, 27 ga Janairu

Bakunan kwantakta sun iso, an ɗaura, an ɗaure noti daidai. Ta Ɗaya ta tashi. Rawaya tana ƙyaftawa ita kaɗai a natse, alamar ba ƙorafi. Kafin la'asar ta sauke tirela guda ta shinkafa. Alhaji ya tsaya yana kallo yana ta hamdala. Mako biyun da na roƙa yau suka cika.

Laraba, 29 ga Janairu

Ta Biyu, da aron batirin Ta Ɗaya. Makulli lafiya, kwantakta ta rufe. Da an taka totur sai ƙafafun su yi fizga, moto ya yi gurnani, komai ya tsaya. Lamba 36, enkoda. Enkoda ita ce ke gaya wa kwantirola saurin juyin moto da inda ya nufa. A wannan moton tana cikin boris ɗin baya, waya huɗu ke fitowa: volt 5, da ƙasa, da layin A, da layin B. Idan babu labarinta, kwantirola kamar mai tuƙi ne da ido a rufe, gara ta tsaya.

Na auna a bayan babban fulogin kwantirola mai ƙafa 35. Tsakanin ƙafa ta 26 da ta 7, volt 5 cif. Yaron ya riƙa juya taya a hankali da hannu. Ƙafa ta 31, layin A, tana hawa tana sauka yadda ya kamata. Ƙafa ta 32, layin B, tana tsaye cak. Na gaya wa Alhaji boris ɗin ya mutu, a shirya kuɗin sabo da na sauke moto.

Alhamis, 30 ga Janairu

Jiya na yi gaggawa, kuma ban ji daɗin kaina ba. Da dare na tuna cewa a gefen kwantirola kawai na auna, ban auna a bakin moto ba. Tsakanin nan da can akwai waya kusan mita biyu da ban duba ba, na yanke hukunci a kan abu mai tsada. Wannan shi ne ainihin abin da nake hana mutane.

Da safe na shiga ƙarƙashi da tocila. A ƙaramin fulogin da ke bakin moto, A da B duka suna hawa suna sauka. Boris lafiyarsa ƙalau. Muka ɗaga farantin da direba ke taka ƙafa, muka bi damin wayoyi. A kusurwar da ya lanƙwasa kusa da famfon birki, ga sheƙar ɓera: yayin buhu, ɓawon shinkafa, kashinsa baƙi-baƙi. Ya cinye rigar waya uku. Ɗaya ta tsinke gaba ɗaya, ita ce B. Ta volt 5 saura silin tagulla huɗu ko biyar, tana gab da taɓa wayar ƙasa. Da ta taɓa, da 25, lambar matsalar volt 5, za mu gani maimakon 36.

Na yanke wurin, na sa sabuwar waya, na yi soda, na rufe kowace da robar da ke tsukewa da zafi, na zura damin duka a cikin tiyo mai ƙarfi. Ta tashi sumul, gaba da baya. Na je ofis na ce, "Alhaji, maganar boris ta jiya kuskurena ce, ka riƙe kuɗinka." Ya ce Allah ya yi albarka, ya kuma ce a nemo kyanwa biyu. Na ƙara da cewa a daina ajiye motocin a jikin tulin buhu da dare.

Laraba, 5 ga Fabrairu

An kira ni, wai Ta Ɗaya da safe kamar doki, bayan azahar kamar jaki mai ciwon ƙafa. Na iso ƙarfe biyu da rabi, rufin kwano ya ɗau rana, cikin sito kamar tanda. Lamba 22. Idan farantin da ke shanye zafin kwantirola ya kai digiri 85, sai ta fara rage ƙarfi da kanta. Idan ya kai 95 sai ta tsaya ɗungurungum ta ba da 16. Kare kanta take yi.

Fankar da ke hura mata iska ta toshe da gari har fukafukan ba sa gani. Da na kwance kwantirolar daga mazauninta sai na tarar noti biyu ne ke riƙe da ita maimakon huɗu, man da ake shafawa a tsakani ya bushe ya zama alli, wani kuma ya taɓa fesa fenti a mazaunin. Zafi ba shi da hanyar fita. Muka kankare fenti har ƙarfe ya yi ƙyalli, muka shafa sabon mai siriri, noti huɗu, muka hure fanka da buluwa.

Sauran rabin matsalar a kujera take. Na zauna a kan falet na kalli direba awa guda. Dattijo ne, ya girme ni, ya shekara da shekaru a kan mai dizal. Yana tura falet biyu a ƙasa da bakin cokula maimakon ya ɗaga. A kan gangaren da ke hawa bakin tirela kuma yana riƙe motar da totur maimakon birki. Moto a tsaye yana shan wuta, duk wutar nan zafi take zama. Bayan sallar la'asar na same shi shi kaɗai na ce, "Yaya, hannunka ya fi nawa a tuƙi, amma wannan halinta daban." Na nuna masa mitar amfiya yana turi, na nuna masa yana ɗagawa. Ya daɗe yana kallon lambobin, ya ce ba wanda ya taɓa nuna masa.

Ya yi ƙorafin cewa wani lokaci ya kunna ta ƙi tafiya sai ya kashe ya sake. Wannan 47 ce: ƙafarsa tana kan totur kafin ya murɗa makulli. An yi haka da gangan don kada mota ta zabura ta take mutum. A nan ne kuma na gano an haɗe wayoyin makunnin da ke ƙarƙashin kujera, wanda ke tsayar da mota idan direba ya tashi. Na raba su na sa sabon makunni. Na gaya wa Alhaji a gaban kowa cewa duk ranar da na sake ganin an haɗe shi, na ajiye aikin. Yara 'yan dako suna gilmawa ta gaban motocin nan yini guda.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Tsohuwa. Wannan kam kwantirolarta ta mutu da gaske, tun kafin in sa mita hanci ya gaya mini. Tsakanin M-, inda wayar moto ke shiga, da B- a haɗe yake ta kowane gefe, taransistocin ciki sun narke sun zama waya ɗaya. Irin wannan mutuwar ita ce mafi haɗari a moto mai burushi, domin da kwantakta ta rufe batir gaba ɗaya zai faɗa kan moto, mota ta fita da gudu ba mai tsayar da ita sai an fizge fulogi.

Amma ita ma kashe ta aka yi. Maigadi ya tuna cewa a Nuwamba fulogin batirinta ya narke, aka kira wani ya sa sabo, da aka jona sai aka ji fas, hayaƙi ya tashi. Na duba shuɗin fulogin. Jar waya tana ramin da aka yi wa alamar ragi. An juya su. Fiyus ɗin cajarta ma a tsinke na same shi, dalili ɗaya. Tun lokacin batirin yake zaune ba caji, wata uku, farantansa sun yi tauri. Zan gwada shi da ƙaramin caji na kwanaki, amma ban sa rai sosai ba.

Tunda dole a sayi kwantirola, ba zan ɗaura sabuwa a kan moton da ban yarda da shi ba. Muka cire duk wayoyinsa kafin mu sa mega, mitar da ke auna ko wuta na yoyo zuwa jiki, domin volt 500 na mega yana kashe kayan lantarki masu laushi. Ya nuna ƙasa da rabin megom zuwa jiki, alamar akwai yoyo. Muka sauke shi. Cikinsa cike da baƙin garin burushi. Burushi huɗu daga cikin takwas sun ƙare har sifirin ya kwanta, kwamiteta, zoben tagullar da burushi ke gogawa, ta yi kwari a tsakiya, farce yana maƙalewa a ciki.

Na kai amacar, wato ɓangaren moton da ke juyawa, Magazine wajen wani dattijo mai injin sassaƙar ƙarfe. Ya ɗora ta, ya shafe saman tagullar kaɗan-kaɗan har ta yi santsi kamar sabon kwabo, bai ci fiye da abin da ya wajaba ba. Na ji daɗin aikinsa ƙwarai. Sauran aikin na haƙuri ne: farin abin da ke raba kowane yankin tagulla da ɗan'uwansa dole ya zauna ƙasa da tagullar, in ba haka ba burushi zai riƙa tsalle yana tartsatsi. Na wasa guntun zarton ƙarfe daidai faɗin tsagin na ba yaron. Yini guda ya yi yana bin tsagi ɗaya bayan ɗaya, ya sunkuya, harshe a tsakanin haƙora. Da na bi da farce ban sami wanda ya tsallake ba.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Babban ɗan Alhaji, wanda ke riƙe da lissafin sito, ya zo da waya a hannu. "Baba Masta, me zai hana mu koma litiyam mu huta da zuba ruwa?" Tambaya ce mai kyau. Litiyam irin na ƙarfe da fosfet, gida 16 yana ba da volt 51.2, ba ya son ruwa, yana caji da sauri, ana iya jona shi lokacin hutun sallah ba tare da ya lalace ba. Ba na ƙinsa.

Na kai shi gaban farantin bayanai da ke jikin Ta Biyu, na nuna masa layin da ya faɗi mafi ƙarancin nauyin batir. A fokilif batir ba wuta kaɗai yake bayarwa ba, shi ne ke danne bayan mota idan cokula sun ɗauki kaya. Litiyam mai ƙarfi ɗaya bai kai rabin nauyin na dalma ba, sai an cika akwatin da ƙarfe an ɗaure shi da kyau, in ba haka ba mota ta kifa da goshi. Na biyu, moton nan idan yana birki wuta yake mayarwa cikin batir. Idan na'urar tsaron litiyam ta yanke layi a daidai wannan lokacin, wutar ba ta da wurin zuwa, sai ta taru a kan kwantirola ta ba da 18, birkin moto kuma ya tafi. Dole a saita kwantirola da batir su fahimci juna, dole kuma a canja caja. Mun tsaya a kan cewa idan za a saya wa Tsohuwa batir, a nan za a fara gwadawa, bayan an kawo farashin duka biyun a rubuce.

Talata, 4 ga Maris

Muna cikin azumi, aiki daga bayan asuba zuwa azahar. Gida biyu na hannu masu girma da ƙarfi irin namu sun iso daga Tema ranar Juma'a. Muka zaro na 7 da na 19 da sarƙa, muka zura su, muka yi cajin daidaitawa sau biyu. Jiya Ta Biyu ta yi awa biyar da rabi tana sauke sukari kafin kaurin ruwa ya sauka 1.150. Tazarar gida mafi ƙarfi da mafi rauni ba ta wuce maki 20 ba. Ta Ɗaya ba ta sake nuna 22 ba tun ranar da aka gyara mazauninta, duk da zafin da ya shigo.

Maigadi yanzu shi ke riƙe da kwalin bango. Duk Asabar bayan caji yana duba ruwa, yana sa alama a gaban kowane gida. Ranar Lahadi direba ya kira yaron, ba ni ba, ya ce rawaya huɗu sannan biyu. Yaron ya ce 42 ce, a duba fulogin totur, aka tarar ya zame. Sai da aka gama na ji labari.

Batirin Tsohuwa bai tashi ba, gida tara sun ƙi haura 1.150. Motonta, bayan wanki da kwana uku a ƙarƙashin fitila mai zafi, mega ya nuna sama da megom 20. Burushi sababbi suna hannu. Kwantirola tana hanya, abokina zai zo da ita tare da na'urarsa ta hannu mu saita iyakar amfiya da saurin tashi. Kafin nan, ranar Asabar zan juya wayoyin shuɗin fulogin zuwa mazauninsu, in sa fiyus a cajarta, in sake auna moton da mega kafin a ɗaura shi.